Barthel, FIM, Sashen GG ko agogo da tef: wane ma'auni ya dace da sashen gashi?

Duk sashen gashi, wato na gasa jiki da koya wa majinyaci motsi, da ke kula da majinyatan da aka kwantar, wata rana sai hukumar asibiti ta tambaye shi: mutanen nan da kuke ta fama da su, suna tashi kuwa? Idan majinyacin za a tambaya, amsarsa sananniya ce. Ko bai iya juyawa a kan gado ba, "da sauƙi" zai ce, ɗansa da ke jinyarsa ya ƙara da "Alhamdu lillahi". Wannan tarbiyya ce mai kyau, amma ba za a rubuta ta a rahoton ƙarshen shekara ba. Dole a samu abin awo. Matsalar ita ce ma'aunan suna da yawa, kowanne da abin da yake gani da abin da ya makance a kai, kuma wanda aka zaɓa shi zai riƙa juya akalar aikin ma'aikata ko an so ko ba a so ba.

Barthel shi ne dattijon cikinsu. Florence Mahoney da Dorothea Barthel suka fitar da shi a jihar Maryland ta Amurka a 1965. Abubuwa goma yake dubawa: cin abinci, wanka, gyaran jiki, sa tufafi, riƙe bayan gida, riƙe fitsari, amfani da banɗaki, tashi daga gado zuwa kujera, tafiya a fili, da hawa matakala. Makin yana tashi daga 0 zuwa 100, biyar-biyar. Kyauta ake samunsa, nas ma za ta iya cike shi cikin 'yan mintuna, kuma kusan duk wanda ya yi karatun gashi ya san shi. Waɗannan ba ƙananan fa'idodi ba ne a asibitin da ma'aikaci ɗaya ke zagaya ɗakuna uku kafin azahar.

Sai dai a lura da lissafinsa. Cikin maki 100, na motsi zalla 40 ne kawai: 15 na tashi daga gado zuwa kujera, 15 na tafiya, 10 na matakala. Sauran na kula da kai ne. Don haka mutum zai iya ƙara maki 10 ranar da aka cire masa robar fitsari ya koma riƙewa da kansa, alhali ƙafarsa na nan yadda take. Idan sashe ya ce "matsakaicin Barthel ɗinmu ya ƙaru da kaza", bai gaya maka komai a kan tafiya ba tukuna. Ga kuma rufin da ke kansa. Wanda ya iya takawa yadi 50 shi kaɗai, wato kimanin mita 45, ya cinye makin tafiya duka, ko da jan ƙafa ya yi, ko da ya tsaya yana haki a ƙarshe. Daga nan komai ya ƙara samu, Barthel ba zai gani ba. Akwai kuma ruɗanin iri-iri: na asali mai 100, na Collin da abokan aikinsa na 1988 mai maki 20, da na Shah na 1989 da ya ƙara matakai a kowane abu. Asibitoci biyu za su iya cewa suna amfani da Barthel, takardunsu kuwa ba ɗaya ba ne. In an zaɓe shi, a rubuta wanne aka zaɓa, a manna a bango.

FIM, ma'aunin yadda mutum ke iya yi wa kansa abubuwa, ya zo ne a shekarun 1980 don gyara wannan kaurin na Barthel. Abubuwa 18 yake aunawa, 13 na jiki, 5 na fahimta da mu'amala, kowanne daga 1 zuwa 7, jimilla daga 18 zuwa 126. Ƙarfinsa yana wajen tantance yawan taimakon da mutum ke buƙata. Maki 4 na nufin majinyaci na yin kashi 75 cikin 100 na aikin ko fiye, 3 na nufin rabi ko fiye, 2 kashi ɗaya cikin huɗu ko fiye, 1 kuma kusan komai yi masa ake. Maki 5 sa ido ne kawai, 6 yana yi da kansa amma da sanda ko wani abin dogarawa, 7 cikakken 'yanci. Saboda haka mutumin da makon jiya sai mutum biyu sun cicciɓe shi, yau kuma hannu ɗaya ya ishe shi, FIM zai nuna ya matsa gaba, inda Barthel sau da yawa yakan bar shi a rukuni guda. Shi ya sa Ostireliya ta gina tsarinta a kansa ta cibiyar AROC da ke Jami'ar Wollongong tun 2002, Kanada ma da shi take tattara bayanan asibitocinta, Birtaniya kuwa tana amfani da wani nau'insa da aka faɗaɗa zuwa abubuwa 30.

Amma FIM na da mai shi. Wata cibiya ce a Buffalo ta jihar New York ke riƙe da haƙƙinsa, ana biyan lasisi, kuma ana so ma'aikata su yi horo su ci jarrabawa, su riƙa sabuntawa. Horon ba ƙaƙale ba ne, domin bambancin "rabin aikin" da "kashi 75" ba abu ba ne da ido biyu za su yanke iri ɗaya in ba an zaunar da su tare ba. Kwafin takardar FIM da ake ɗaukowa daga intanet a raba wa ɗalibai ba tare da horo ba, lambobi yake bayarwa masu kama da gaskiya waɗanda ba za a dogara da su ba. Sannan shi ma motsi abubuwa biyar ne kacal a cikin 18: sauka da hawa iri uku, tafiya ko keken guragu, sai matakala.

Abin da ya kamata mai zaɓe ya sani shi ne, ƙasar da ta haifi FIM, wato Amurka, ta ajiye shi. Hukumar CMS, wadda ke biyan kuɗin jinyar tsofaffi ƙarƙashin shirin inshorar lafiya na Medicare, ta yi amfani da shi wajen biyan asibitocin gashi tun 2002, sannan ta cire shi daga 1 ga Oktoba 2019 ta maye gurbinsa da wani ɓangare na takardar tantance majinyata da ake kira Sashen GG. Dalilin ya samo asali ne daga wata doka ta 2014 mai suna IMPACT, wadda ta ce a samu ma'auni guda da za a auna majinyaci da shi ko yana asibitin gashi, ko gidan jinya, ko ana bin sa gida, don a iya kwatanta su.

A ganina, cikin ukun nan Sashen GG ne ya fi kallon motsi da idon basira, domin ya ware masa ɓangare na kansa ya yanka shi gunduwa-gunduwa. Yana farawa tun daga juyawa dama da hagu a kan gado, kwanciya daga zaune, tashi zaune a bakin gado, miƙewa tsaye, komawa kujera, hawa masai, shiga mota. Sai tafiya: ƙafa 10, ƙafa 50 da juyi biyu, ƙafa 150, ƙafa 10 a wuri mai gargada, matakala ɗaya, huɗu, goma sha biyu, da sunkuyawa a ɗauki abu daga ƙasa. Abubuwa 15 ke nan, kowanne daga 1 zuwa 6, ga kuma na keken guragu daban. Mai shanyewar ɓarin jiki da ya kwashe mako biyu yana koyon zama a bakin gado ba tare da ya kife ba, a nan wahalarsa da ta mai gasa shi za ta fito a takarda. Kuma ba ya rage wa mutum maki don ya riƙe sanda, saɓanin FIM. Wannan ya yi daidai da hankali: tsohon da ke zuwa masallaci da sandarsa ba nakasasshe ba ne a idon kowa.

Darasin da ya fi amfani daga Amurka kuwa ba a takardar awon yake ba, yana cikin yadda suka yi ta sauya lissafin. Da farko suna da ma'auni biyu na motsi. Ɗaya yana duba ƙarin da aka samu, wato makin ranar sallama a cire na ranar shigowa. Ɗayan yana duba kashi nawa na majinyata suka kai ko suka wuce makin da aka yi hasashen irinsu zai kai, bayan an yi la'akari da shekaru, irin ciwon, yadda mutum yake kafin ciwon ya same shi, da sauran cututtukan da yake ɗauke da su. A 2023 CMS ta yanke shawarar janye na farkon ta bar na biyun, ta kuma ƙaro wani sabo na aikin jiki gaba ɗaya a ranar sallama. Dalilin da ta bayar shi ne biyun kusan abu ɗaya suke nunawa. Amma duk wanda ya yi aikin ya san wani rauni da ke tattare da lissafin ƙari, kuma shi ne ya fi shafar ƙaramin sashe.

Ƙari yana da ƙofa biyu. Za ka iya ɗaga shi ta hanyar gasa majinyaci da kyau, za ka kuma iya ɗaga shi ta hanyar danne makin ranar shigowa. Ba sai an yi ƙarya ƙiri-ƙiri ba. A auna mutum da yamma lokacin da ya gaji, ko a ce yau ba za a gwada tafiya ba saboda hawan jininsa, shi ke nan. A Sashen GG akwai lambobi na musamman ga abin da ba a gwada ba: 07 idan majinyaci ya ƙi, 88 idan yanayin lafiyarsa bai bari ba, da wasu biyu. A tsohon lissafin, duk waɗannan ana mayar da su maki 1 ne, tamkar mutumin ba ya iya komai. Wanda aka rubuta wa 88 ranar shigowa ya kuma samu 4 ranar sallama, takarda za ta ce ya ƙara uku, ko da a ce da an gwada shi ranar farko da 3 zai ci. Da zarar an ce za a yaba wa sashe ko a ƙara masa kuɗi bisa wannan lamba, to hannun mai rubutu zai fara karkata ba tare da ya sani ba.

Sai matsalar wanda aka kwantar. A ɗauki misali na ƙirƙira: majinyaci ya shigo da Barthel 20 ya fita da 50, wani ya shigo da 80 ya fita da 95. Na farko ya ƙara 30, na biyu 15. In ƙari zalla ake dubawa, aikin farko ya ninka na biyu. In kuma aka yi lissafin Montebello, wato a raba abin da aka samu da abin da ya rage a samu, na farko 30 cikin 80 ne, bai kai kashi 40 ba, na biyu kuwa 15 cikin 20, kashi 75. Ga lambobi iri ɗaya, ga hukunci biyu masu karo da juna. Akwai kuma masu raba ƙarin da yawan kwanakin da aka yi a gado, lissafin da ke fifita sashen da ke sallama da wuri. A wurin da sallama ke zuwa don kuɗin gado ya ƙare ko 'yan uwa sun ce za su koma gida a gwada na gargajiya, wannan lissafi aljihun iyali yake aunawa. Saboda haka kwatanta asibiti da asibiti da ɗanyen ƙari zalunci ne. Asibitin koyarwa da ake turo wa masu raunin laka da waɗanda suka daɗe a sume ba zai taɓa yin kyan lamba kamar wanda ke karɓar masu karayar ƙafa ba. Amurkawa suna da dubban majinyata da masana lissafi da za su daidaita wannan. Sashe guda ba shi da su, abin da zai iya shi ne ya raba majinyatansa rukuni-rukuni, shanyewar ɓarin jiki daban, laka daban, karaya da yankan ƙafa daban, ya kwatanta kansa da kansa daga shekara zuwa shekara.

Duk ma'aunan da aka ambata, hukuncin ido ne. Akwai wani dangi dabam da agogo ke yanke hukunci a cikinsa, kuma a nan ne talakan asibiti ya fi samun riba. Gwajin tafiyar mita 10 ba ya buƙatar komai sai baranda, tef, fenti ko salatif da za a yi alama a ƙasa, da agogon waya. Majinyaci ya taka yadda ya saba, a raba nisan da daƙiƙun da ya ɗauka. In ya ci mita 10 cikin daƙiƙa 25, gudunsa mita 0.4 ne a daƙiƙa. In cikin 12 da rabi ne, 0.8 ke nan. Waɗannan lambobi biyu suna da ma'ana tun binciken Perry da abokan aikinta na 1995 a kan masu shanyewar ɓarin jiki: ƙasa da 0.4 mai tafiyar cikin gida ne, tsakanin 0.4 da 0.8 zai ɗan fita unguwa, sama da 0.8 zai iya shiga jama'a. Wani bincike na 2010 ya nuna ƙarin kimanin 0.16 a watannin farko bayan ciwon shi ne canjin da ake ganin amfaninsa a rayuwa. Wannan magana ce da za a iya faɗa wa ɗan majinyaci ya gane: "Baba yanzu zai iya zagaya tsakar gida, amma kada a bar shi ya tsallaka titi tukuna." Agogo ba ya jin kunyar kowa, kuma ba shi da rufi irin na Barthel.

Laifinsa a ƙasa yake. Wanda bai iya tsayuwa ba, sifili zai ci ranar shigowa, sifili bayan mako biyu, ko da ya tashi daga kwance ya koma zama da kansa. Shi ya sa ba ya zama shi kaɗai. Abokin tafiyarsa mafi sauƙi shi ne FAC, ma'aunin yawan taimakon da mutum ke buƙata wajen tafiya, wanda Holden da abokan aikinta suka fitar a Boston a 1984: matakai shida daga 0, wanda ba ya tafiya ko sai da mutum biyu, zuwa 5, wanda ke tafiya ko'ina har matakala. Minti ɗaya ya isa a rubuta shi. In ana son wanda ya fi zurfi kuma kyauta, akwai ma'aunin motsi na Rivermead da aka gyara a 2000, abubuwa takwas daga juyawa a gado zuwa hawa matakala, kowanne 0 zuwa 5, jimilla 40. Kusan ƙaramin Sashen GG ne da zai shiga shafi guda.

Gwajin tashi ka tafi na 1991, inda mutum ke miƙewa daga kujera ya yi mita 3 ya juyo ya zauna, ya fi dacewa da tsofaffi da tsoron faɗuwa. Na Berg mai abubuwa 14 da maki 56 yana auna daidaituwar tsayuwa da kyau, amma yana cin kusan minti 20. Tafiyar minti shida kuwa tana son baranda mai mita 30 da ba kowa, abin da ke da wuya a lokacin ziyara. Ukun nan kayan aikin likita ne a kan majinyaci ɗaya, ban ga dalilin ɗora su a kan kowa don rahoton inganci ba.

Akwai abin da duk takardun nan suka tsallake, domin an rubuta su ne don gidan da ke da gado mai tsawo, kujera, da masai na zama. Majinyacinmu yana komawa gidan da ake zama a tabarma, ake kwana a katifa a ƙasa, ake tsuguno a banɗaki da buta a hannu. Akwai dokin ƙofa a bakin ɗaki, akwai kwata a bakin zaure, abin hawansa kuma babur ne ko A Daidaita Sahu. Mutum zai iya cin 6 a "hawa masai" a asibiti, ya je gida ya kasa tashi daga tsuguno. Kuma in ka tambayi yawancin dattawa abin da suke so, ba matakala goma sha biyu za su ce ba, su yi alwala da kansu ne su kai goshi ƙasa su ɗago. Bai kamata a cusa waɗannan cikin Barthel ko GG a sauya jimillarsu ba, yin haka zai ɓata ma'aunin ya hana kwatanta shi da na ko'ina. Amma ba abin da ya hana a ƙara layi uku a ƙasan takardar, da matakai shida irin na GG: tashi daga tabarma, tsuguno da miƙewa, sujada da ɗagowa. A ajiye makinsu daban.

Sai batun mai jinya. A ɗakunanmu ɗa ba ya iya zuba ido yana kallon mahaifinsa na kokawa da bakin gado. Kafin tsohon ya yunƙura an tallafe shi, an sa masa takalmi, an miƙa masa ruwa a baki. Barthel yana rubuta abin da mutum yake yi ne, ba abin da zai iya ba, GG ma yadda ya saba yi yake nema cikin kwanaki ukun farko. In nas ta tambayi mai jinya, zai ce komai yi masa ake, kuma gaskiya ya faɗa. Mai awo sai ya ce, "Malam, don Allah ɗan ja baya, bari Baba ya gwada da kansa, ina nan kusa." Sau da yawa abin da zai biyo baya yakan ba iyalin mamaki.

Kowane aka zaɓa, in ma'aikata biyu ba sa ba mutum ɗaya maki ɗaya, aikin banza ake, kamar masu awon hatsi biyu ne, ɗaya na cika mudu har tsororuwa ɗaya na shafe baki. Maganinsa mai arha ne: lokaci-lokaci mutum biyu su auna majinyaci guda kowa a ɓoye, a zauna a duba inda suka saɓa. In da hali, wanda ya gasa majinyaci kada ya zama shi kaɗai ke ba shi makin sallama. A kuma riƙa rubuta waɗanda suka rasu, da waɗanda aka ɗauke ba da izinin likita ba, da waɗanda suka faɗi a ɗaki. A Amurka ana cire zaman da bai kammala ba daga lissafin motsi, amma a inda irin wannan fita ke da yawa, sashen da ya jefar da su daga rahoto zai ga lambobinsa sun yi kyau ne kawai don waɗanda suka fi jin jiki sun ɓace daga takarda.

Ga inda na tsaya. Babban asibiti na jiha mai ma'aikatan gashi biyu ko uku ya ɗauki FAC da tafiyar mita 10, ya bar Barthel a hannun nas-nas, ya auna cikin kwana uku da kwantarwa da kuma ranar sallama. Abin da zai kai wa hukuma shi ne kashi nawa suka hau aƙalla mataki ɗaya, da kashi nawa suka tsallake 0.4 da 0.8, kowane ciwo a layinsa. Asibitin koyarwa mai ɗalibai da masu bincike ya sa Rivermead da aka gyara ko jerin motsi na Sashen GG a madadin FAC, tare da agogon. FIM kuwa sai ga wanda ke da kuɗin lasisi da horo, kuma yake da takamaiman dalilin kwatanta kansa da Ostireliya ko Kanada.